Shuɗin haske ba shaida ba ne

Juma'ar da ta wuce na je aski a wani shago nan Damagaram. Mai askin ya gama da wanda ke gabana, ya jefa injin cikin ɗan akwati mai shuɗiyar fitila, gashi na manne a haƙoransa. Ko minti ɗaya bai cika ba ya ciro shi. Na ce, "Abokina, ya tsabtatu kuwa?" Ya yi dariya: "Haba babban yaya, ba ka ga UV ba?"

To ai nan matsalar take. Hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, wato UV-C, ido ba ya ganin sa. Shuɗin da muke kallo rakiya kawai ya yi. Fitila na iya tsufa, ƙarfinta ya ragu, tana nan tana shuɗinta. Wasu na kasuwa ma dangin fitilar duba jabun kuɗi ne, UV-A suke fitarwa, wanda bai kai ga wannan aiki ba.

Kada a ce na ƙaryata kimiyya. Tun 1877 Downes da Blunt suka nuna a Ingila cewa hasken rana na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma fitilar UV-C ta gaske, mai nanomita 254, tana lalata ƙwayar halittarsu. Amma aikin na da sharaɗi: ƙarfin haske da tsawon lokaci. In ka ninka nisan abu daga ƙaramar fitila, hasken da zai same shi ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Inda inuwa ta faɗa, kamar tsakanin haƙoran inji, ba ya shiga. Gashi, maiƙo da busasshen jini garkuwa ne ga ƙwayar cuta. Ƙurar hunturu in ta lulluɓe fitilar, ta rage ta. Kuran ya yanke, lissafi ya ɓaci.

Abin ba wasa ba ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya kwana bakwai a busasshen jini ba ta mutu ba, ga makero da yara ke kwasowa wajen aski.

Ana iya aunawa kuwa? Ƙwarai. Akwai na'urar auna ƙarfin UV-C, akwai ɗan kati mai sauya launi idan ya sha hasken da ya isa. A ɗakin bincike ana shafo abu kafin haske da bayansa, a raini ƙwayoyin, a ƙirga. In kwali ya ce 99,9%, ma'anarsa cikin dubu saura ɗaya. Sai mu tambaya: wace ƙwaya, a wane nisa, minti nawa?

Ra'ayina, masu duba tsabta na birni su riƙa yawo da irin katin nan a shagunan aski da na gyaran farce. Masu aski su fara goge gashi, su wanke, su sa alkol ko ruwan jabel, fitila ta zo ƙarshe. Reza kuwa sabuwa ga kowane kai. Kuma kada kowa ya haska UV-C a hannu ko ido, yana ƙuna.

Ni dai ranar sai da aka wanke injin a gabana na zauna. Mai askin ya ɗan ɓata rai, amma ya wanke. Ku ma ku tambaya, kanku ne.