JAMI'AR VERITAS: WA YA CE BA TAMU BA CE?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu dattawanmu, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Duk sa'ad da aka ambaci Jami'ar Veritas da ke Bwari kusa da Abuja, sai ka ji an ce, "Ai wannan ta 'yan Katolika ce, ba tamu ba." Wasu 'yan Katolikan kuma su ce ta masu kuɗi ce daga Kudu. Da waɗannan maganganu biyu ake rufe zancen, a wuce ga batun kwanon rufin majami'a da shinkafar bikin Kirsimeti, yaranmu kuwa da suka gama sakandare suna zaune a gida, sai gona da acaɓa.

Bari mu fara da tarihin, domin yawancin masu wannan magana ba su san shi ba. Majalisar Bishof-Bishof na Katolika ta Nijeriya ce ta yanke shawarar kafa jami'ar a 2002. Ba ta sami lasisi daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ba sai 2007. A 2008 ta ɗauki ɗalibanta na farko, ba ma a Abuja ba, a wani mazaunin wucin gadi a Obehie cikin Jihar Abiya. Sai a 2014 ta tare a mazauninta na dindindin a Bwari. Shekara goma sha biyu ke nan daga shawara zuwa shiga gida, kuma wannan ikkilisiya ce mai dayosis a kowane lungu na ƙasar nan. Masu tashi a taro su ce mu ma mu kafa tamu jami'ar a Jihar Kano, alhali makarantar firamare ɗaya ta gagare mu biyan malamanta, su yi wannan lissafin tukuna.

Sunan da kansa Latin ne, ma'anarsa gaskiya. Shugabanta na farko Fada Farfesa Justin Ukpong ne, masanin Littafi Mai Tsarki. Daga baya Farfesa Mike Kwanashie ya riƙe ta, mutumin da ya daɗe yana koyar da ilimin tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, nan kusa da mu. Ana koyar da shari'a, injiniyanci, aikin koyarwa, tattalin arziki, falsafa da nazarin addini. Ba makarantar horar da Fada ba ce, kuma ba a korar yaro don ɗan ECWA ne ko Baptis ko Angilikan. Har Musulmi suna karatu a irin waɗannan jami'o'i. A 2022, lokacin da malaman jami'o'in gwamnati suka yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, yajin bai shafi jami'o'i masu zaman kansu ba. Gaskiya ita ma Veritas ta rufe na ɗan lokaci a Yulin wannan shekarar saboda barazanar tsaro a yankin Bwari, amma wannan cuta ce da ta kama ƙasa duka.

Yanzu ga mai cewa ba tamu ba ce. Tunda ta dukan bishof-bishof ce, Dayosis ɗin Kano na da rabo a cikinta daidai da na Onitsha ko Legas. Mu kuma da ba 'yan Katolika ba, mu tambayi kanmu: mu nawa ne a ƙasar Bici har da za mu raba kanmu gida-gida a kan ilimi? Sistocin St. Louis da suka iso Kano a 1948 ba su koyar da 'ya'yan ɗarikarsu kaɗai ba. Asibitin ido na ECWA a Kano bai taɓa tambayar makaho a ina aka yi masa baftisma ba. Idan Jami'ar Bingham da ECWA ta kafa a Karu ta yi wa ɗan Katolika amfani, ita ma Veritas za ta yi wa ɗan ECWA. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, balle hannun ɗan'uwa.

Amma mai cewa ta masu kuɗi ce yana da abin faɗi, kuma ba za mu ɓoye ba. Manomin da ke rayuwa a kan gero, dawa da ɗan wake da gyaɗa ba zai iya biyan kuɗin jami'a mai zaman kanta ba, ko ya sayar da rumbu dungum. Bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Don haka muna da magana ga iyayenmu bishof-bishof, cikin ladabi. A 1990 Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, ya fitar da doka kan jami'o'in Katolika mai suna Ex Corde Ecclesiae, inda ya ɗora musu nauyin neman hanyar da matalauta da tsiraru za su sami shiga. Idan akwai wanda wannan ya shafa a Nijeriya, ai ɗan Bahaushe Kirista ne daga ƙauyen Kano ko Katsina, wanda wani lokaci takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ma sai ya sha wuya kafin ya samu. Muna roƙon a ware wa irin waɗannan yara gurabe na kyauta kowace shekara, a kuma sanar da su da Hausa a majami'un ƙauye, inda iyayen za su ji.

Kada wani ya ce yaranmu ba za su iya ba. Bishof Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, wanda ya zama bishof na farko na Dayosis ɗin Katsina a 2023, ya koyar a Cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma da ke Fatakwal kafin a naɗa shi.

Sai dai ko an ba da gurbin yau, wa za mu tura? Nan ne laifin ya dawo gidanmu. Yaro ba ya shiga Veritas, ko Bayero, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Bici, sai da sakamako mai kyau a jarrabawa. Mun bar 'yan matanmu suna aure kafin su gama aji uku na sakandare, mun bar samari suna zuwa cin rani a tsakiyar zangon karatu, sa'an nan mu zauna muna zargin Bwari.

Ga abin da muke sa wa a gaban dattawa kafin taron ƙarshen shekara. Kowace ikkilisiya, ko wace ɗarika ce, ta ware tiya guda daga kowane buhun baikon godiya na kaka, a sayar, a zuba a asusu ɗaya mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu daga Zumuntar Mata. Da kuɗin a fara biyan rajistar jarrabawa da darasin yamma. Fastoci da katikis su kawo sunayen yaran da ke ajin ƙarshe na sakandare, maza da mata, da makin kowa, domin a sami takardar da za a kai ofishin Bishof a Kano.