Kada ka fara haɗa allon fedal da fedal biyar

Duk matashin da ya sayi jitar lantarki, kafin ya cika wata guda YouTube ta fara turo masa bidiyon mutanen da suka jera ƙananan akwatuna masu launi-launi a gaban ƙafarsu, kowane da ɗan fitilarsa. Waɗannan su ne fedal. Siginar jita tana bi ta cikinsu kafin ta isa amfilifaya, kowanne ya canza mata murya idan ka taka shi. Shawarar da za ka fi ji a irin waɗannan bidiyo ita ce ka sayi guda biyar ko shida lokaci ɗaya: na saiti, na kaurara murya iri biyu, na amsa-kuwwa, da sauransu. Ra'ayina shi ne wannan shawara ba da mu ake yin ta ba. Mai ba ta yana zaune a Amurka ko Ingila, wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma idan fedal bai yi masa ba zai mayar wa kantin a ba shi kuɗinsa. Kai kuwa da dala za ka saya, ka biya kuɗin kawowa, idan ya zo bai yi maka ba shi ke nan, sai dai ka nemi wanda zai saya da faɗuwa.

Matsalar mai koyo ita ce bai san muryar da yake so ba tukuna. Ya ji waƙa ta burge shi, amma ba zai iya cewa wane fedal ne ya ba da wannan sautin ba, ko ma hannun makaɗin ne kawai. Don haka kuɗin farko ya kamata ya tafi wajen abin da zai ba ka damar ɗanɗana komai da araha. Na'urori irin su Zoom G1 Four an yi su don haka. A cikinta akwai nau'in sauti sama da 60, kana iya jera biyar a lokaci guda, tana da na'urar saita tsirkiya, da ganguna na rakiya, da wurin ɗaukar abin da ka kaɗa ta riƙa maimaita maka. Farashinta bai kai na fedal biyu na Boss ba. Abin da ya fi jan hankalina a ita shi ne wuta: batir AA guda huɗu ya ishe ta, ko ka jona ta da fawa bank ta USB, kuma tana da ramin iyafis. Ma'ana ko an ɗauke wuta, ko da tsakar dare ne mutanen gida na barci, za ka yi atisayenka.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi amfani da waya ba, tunda akwai manhajoji kamar AmpliTube, da GarageBand a iPhone, ga kuma ƙaramar na'urar iRig da ke haɗa jita da waya? Za a iya, amma akwai jinkiri. Sautin sai ya shiga wayar, a mayar da shi lambobi, manhaja ta yi lissafinta, a sake mayar da shi sauti. Idan wannan tafiyar ta wuce kusan milisakan 10 zuwa 20, yatsunka za su fara jin cewa kunne na baya. A iPhone abin da sauƙi. A wayoyin Android masu araha, waɗanda yawancinmu ke riƙewa, jinkirin yakan yi yawa har ya ɓata maka bugun lokaci, kuma mai koyo da ke ƙoƙarin gyara lokacinsa ba ya buƙatar na'urar da za ta ƙara rikita shi. Wayar ta fi amfani wajen saita tsirkiya a ɗaki da kuma ɗaukar kanka kana kaɗawa.

Ban ɓoye aibin na'urar tattara-duka ba. Sautukan da take zuwa da su daga kamfani yawanci an cika musu kayan yaji, kuma mutum zai iya ɓata awa biyu yana latse-latse a ƙaramin allo bai kaɗa komai ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan cutar: a zauna ana canza launin edita da girke-girken ƙari, layin kod ko ɗaya ba a rubuta ba. Maganin shi ne ka buɗe gurbi wanda babu komai, ka sa sauti ɗaya, ka zauna da shi mako guda. Bayan wata uku ko huɗu za ka tarar biyu ko uku kawai kake komawa gare su. Su za ka saya daban, in ma har kana buƙata.

In kuma ka ce kai lallai fedal ɗai-ɗai kake so, to uku sun isa, kuma na farkonsu ba ya fitar da wani sauti mai daɗi. Na'urar saita tsirkiya ce, irin Boss TU-3 ko PolyTune na TC Electronic. A wurin biki ko taro, inda ganga da lasifika ke tashi, makirfon ɗin waya ba zai ji jitarka ba. Wannan kuwa ta kebul yake ji, kuma idan ka taka shi yana yanke sautin, ka yi saitinka ba wanda ya ji.

Na biyu shi ne mai kaurara murya, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Duk irinsu aiki ɗaya suke yi: su ƙara wa sigina ƙarfi sannan su yanke kan igiyar sautin, yawanci da ƙananan diyod. Bambancin yana wajen yadda ake yankan. Ibanez Tube Screamer, wanda ya fito a 1979, da Boss SD-1 Super OverDrive na 1981, a hankali suke dannewa, shi ya sa idan ka taɓa tsirkiya da laushi sautin yakan fito kusan tas, idan ka buga da ƙarfi ya yi gurnani. Boss DS-1 Distortion na 1978, mai ruwan lemo ɗin nan da Kurt Cobain ya yi amfani da shi, yankan ƙauna yake yi, babu sassauci. A babbar amfilifaya yana da daɗi, amma a ƙaramar amfilifayar ɗaki yakan koma kamar zanzaro a cikin gwangwani. Kuma yana rufe kuskuren hannu, abin da mai koyo ke jin daɗinsa yau ya cutar da shi gobe. Ni SD-1 ko Tube Screamer zan ce a fara da shi. Idan kuɗin bai kai ba, Joyo da Behringer suna da waɗanda aka kwaikwayi da'irar Tube Screamer a kan farashi ƙasa sosai. Na Behringer jikinsa roba ne, sai a taka shi da hankali.

Na uku mai amsa-kuwwa ne, irin Boss DD-3 Digital Delay wanda ya fito a 1986, ko MXR Carbon Copy. Ga wanda ke son salon jitar Agadas, wato irin na Bombino da Mdou Moctar, inda ake maimaita gajeren layi da sauri, ɗan kauri da ɗan amsa-kuwwa sun kai ka nesa. Shi kansa Mdou Moctar jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, kuma waƙoƙinsa ta memori da Bluetooth suka fara yawo daga waya zuwa waya kafin ya kai ga fitar da Afrique Victime a 2021.

Jerin yana da muhimmanci. Jita, sai na saiti, sai mai kauri, sai amsa-kuwwa, sai amfilifaya. Kamar a kod ne, abin da aiki na farko ya fitar shi na biyu zai karɓa, idan ka juya su sakamakon ya canza. Ka sa amsa-kuwwa kafin mai kauri, duk maimaicin da ya kamata ya riƙa dushewa sai a ɗago shi a murƙushe tare da sabon sautin, abin ya zama kunu.

Sai maganar da bidiyon Turawa ba su cika tsayawa a kai ba, wato wuta. Yawancin fedal 9V suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu shi ne nagetif. Adaftar rauta ko dikoda da ke yashe a gida yawanci akasin haka take, tsakiyarta fozitif, sau da yawa kuma 12V ce. Bakin zai shiga daidai, wannan ne tarkon. Jonawa ɗaya na iya ƙona fedal ɗin da ka yi wata uku kana tara wa kuɗi. Ka duba ɗan zanen da ke jikin adaftar kafin ka jona, ka kuma duba mA. Mai kaurara murya abin da yake ja bai cika wuce 10 mA ba, batir 9V ɗaya zai daɗe masa. Mai amsa-kuwwa na dijital yana jan ninkin haka sau da yawa, zai shanye batir cikin 'yan awoyi. Kuma muddin kebul na cikin ramin shigarwa batir na tafiya ko fedal ɗin a kashe yake, don haka ka zare idan ka gama. Idan za ka raba adafta ɗaya wa fedal uku da kebul mai rassa, ka sa ran jin ƙara, musamman a wutar janareta. Na'urar wuta mai ba kowane fedal layinsa daban ta fi fedal na huɗu amfani.

Shi allon kansa kada ka yi odarsa daga waje. Kafinta zai yanka maka katako mai tsawon santimita 40 zuwa 45, ka manna Velcro, ka nemo gajerun kebul masu kyau guda biyu. Ka ce ya yi masa murfi, ko ka samo jaka mai zif, domin ƙurar hunturu idan ta shiga maɓallan juyawa za ka fara jin ƙaraf-ƙaraf duk lokacin da ka murɗa, kuma sai da feshin wanke kayan lantarki take fita.