Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, yau ina so in ja hankalinku ga wani abu da yawancinmu ba su ɗauka bakin kome ba, watau tsohon keke. Kowa dai ya san baƙin Raleigh mai kariya da birkin ƙarfe, wanda kakanninmu su ka sha ɗora wa buhun gero, har aka kafa masana'antarsa a Kano. Wannan jakin aiki ne, nauyinsa ya kan kai wajen kilo 20. To, yana da wani ɗan'uwa siriri mai lanƙwasasshen kai, wanda aka ƙera don tsere da doguwar tafiya, nauyinsa bai fi kilo 10 ko 11 ba. A kan wannan siririn maganata ta ke.

A hutun da ya wuce na tsaya rumfar wani mai gyaran keke a kasuwa, inda a ke sayar da kekuna na hannu da a ke kawowa daga Turai. Sai na ga gangar jikin wani keke jingine da bango, ba ƙafa, ba sarƙa, duk ta yi tsatsa. Na tambaya, ya ce 'yan gwangwan ya ke jira su aza ta a sikeli. Na sa yatsa biyu na ɗaga, sai na ji kamar kara. Da na goge ƙura, sai ga ɗan tambari a ƙarƙashin sirdi mai lamba 531. Nan take na biya shi abin da 'yan gwangwan za su ba shi, na yi gaba da abina, yana yi mini kallon wanda ya zautu.

Rashin sani ya fi dare duhu. Wannan lamba sunan wani irin ƙarfe ne da kamfanin Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da shi a 1935. Tun a 1897 kamfanin ya sami dabarar yin bututu mai kauri a bakinsa biyu, inda ƙarfi ya ke taruwa, da siranta a tsakiya, inda ba a bukatar nauyi. Kaurin bangon bututun bai kai milimita ɗaya ba, amma ya kan ɗauki ƙato shekara da shekaru. Maƙera irin su Claud Butler da Hetchins a Landan, da Mercian da aka kafa a Derby a 1946, su kan yanka bututun daidai da tsawon mai saye, su zura bakinsa cikin 'yan mahaɗai na ƙarfe, sa'an nan su liƙe da narkakkiyar tagulla. Raleigh da kansa ya sayi kamfanin Carlton a 1960 don ya riƙa yin irin waɗannan, kuma a kan keken Raleigh ne Joop Zoetemelk, mutumin Holan, ya ci babban tseren Faransa a 1980. Yawancin ƙananan maƙeran nan sun rufe, babbar masana'antar Raleigh ta Nottingham ita ma ta daina aiki a 2002. Saboda haka duk wanda aka narkar ya tafi ke nan.

Abin da ya sa na ke ganin darajarsa shi ne, an yi shi ne don ya gyaru. In bututu ɗaya ya lanƙwashe, gwanin maƙeri ya kan gasa mahaɗin, ya zare shi, ya sa wani. Keken zamani na alminiyam kuwa in ya tsage, da wuya ya koma yadda ya ke.

Amma fa akwai gyara, akwai ɓarna da sunan gyara. Mutanenmu da yawa in sun sami tsohon abu, farkon abin da su ke yi shi ne su kankare shi, su malala masa sabon fenti. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Tsohon fenti da tambarin maƙeri da lambar da aka buga a ƙarƙashin inda feda ta ke juyawa, su ne shaidar asalin keken, in an shafe su ya zama kamar takarda ba sa hannu. Ni a ganina, a wanke shi da kananzir, a goge tsatsa a hankali, a shafa ɗan mai, a bar masa tabonsa. A kwance ƙafafu da wuya, a sake boris, a cika giris. In sirdin na fata ne, irin na Brooks, a shafa masa mai kaɗan kaɗan, kada a jiƙa shi ya saki. In sandar sirdi ta kafe a cikin bututu, a ɗiga mai a jira kwana biyu ko uku. Guduma ba ta da aiki a nan, bangon da bai kai milimita ba bugu ɗaya ya ishe shi.

Sai kuma a yi awo kafin a sayi kome. Tsofaffin kekunan Ingila da yawa ƙafarsu inci 27 ce, watau faɗin da'irarta milimita 630, ta zamani kuwa 622, tayar wannan ba ta hawa waccan. Zaren kusoshin Ingila da na Faransa da na Italiya ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya murɗa da ƙarfi don ya ga kamar ya shiga, ya cinye zaren, ya kashe keken.

Na san wani zai ce, wannan ai wahalar banza ce, kayan gyara suna da wuyar samu, ga babur ya cika gari. Gaskiya ne kayan suna wuya, ni ma sai da na yi wata biyu ina yawon rumfuna kafin nawa ya hau hanya. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wane ɗalibi ne a cikinmu bai ji a jikinsa ba sa'ad da aka tura shi koyon koyarwa makarantar bayan gari? Keke ba ya shan mai. Ban kuma ce a gyara shi don a rataye a bango a riƙa kallo ba. A ƙasar Italiya, tun 1997 a ke wani taro mai suna L'Eroica a yankin Chianti, inda dubban mutane ke hawa kekunan da aka ƙera daga 1987 zuwa baya, a kan hanyoyin tsakuwa irin namu. Keken da a ke hawa shi ne a ke kula da shi.

Ga kuma abin da ya shafe mu, mu masu shirin riƙe alli. Malamin da ya taɓa kwance keke da hannunsa ba zai rasa abin koyar da lissafi ba. In faifan gaba yana da haƙora 48, na baya 16, feda ta juya sau ɗaya, ƙafa ta juya sau uku. Yaron da ya ƙidaya haƙoran nan da yatsansa ba zai manta da rabawa ba. Ya kuma koyi abin da ya fi lissafi, watau ba kowane abu ne da ya tsufa a ke zubarwa ba.

Don haka shawarata ita ce, mu kafa 'yar ƙungiya a nan kwaleji, mu roƙi kusurwa ɗaya a ɗakin aikin hannu, mu gayyato wani dattijo daga masu gyaran keke na kasuwa ya riƙa nuna mana ranar Asabar. Wanda duk ya je hutu ya leƙa zaure da bayan rumbu, in ya ga siririn keke ya ɗaga ya ji nauyinsa kafin masu sikeli su riga shi. Nawa yana nan ƙofar ɗakin karatu kowace safiya, mai shakka ya zo ya hau ya zaga fili sau ɗaya, sa'an nan mu yi gardama.