Sulhu Ba Ya Tsayawa Sai Da Shaidu

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda mai unguwa ke raba rigimar gona. Ba ya tsayawa ga cewa "ku yi haƙuri" kawai. Sai ya tashi da dattawa su taka iyakar, a dasa gamba ko a kafa dutse, kowa yana gani. Ni a ganina dutsen nan ya fi ban haƙurin amfani, domin baɗi idan wani ya ci iyaka, akwai masu cewa, "A gabanmu aka yi."

Haka abin yake ga ƙasashe. A watan Janairu na 1967, Janar Ankrah na Gana ya kira shugabannin sojan Nijeriya garin Aburi don a sasanta Gowon da Ojukwu. An zauna kwana biyu, an yi musafaha, an rabu da fara'a. To, amma da aka dawo gida kowa ya fassara alkawarin yadda ya ga dama, kuma babu wani na uku da aka ɗora wa bin sawun maganar. Kafin Yuli ya ƙare yaƙi ya ɓarke, aka yi wata talatin ana zubar da jini.

Sai mu dubi Bakasi, tsibirin nan mai kifi da mai wanda Nijeriya da Kamaru suka daɗe suna jayayya a kansa. Kotun Duniya ta ba Kamaru gaskiya a 2002, amma hukunci shi kaɗai bai ɗaga soja ko ɗaya ba. Sai da Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya a Amurka a 2006, aka rubuta wa'adin janye sojoji, Ingila da Faransa da Jamus da Amurka suka sa hannun shaida, aka kuma naɗa kwamitin duba aiki. A Agustan 2008 aka miƙa wurin ba tare da yaƙi ba.

Wasu abokaina a ajinmu suna cewa Nijeriya ta ji tsoro ne. Ban yarda ba. Abin da ya fi damuna shi ne masuntan da suka bar gidajen kakanninsu, waɗanda da yawansu suka shekara da shekaru a sansani suna jiran matsuguni. Sojoji an rubuta musu ranar tashi, su kuwa ba a rubuta musu ranar samun gida ba.