Zanen Da Ake Rubutawa Da Lissafi

A wannan makon ina so mu leƙa wani fanni da ɗalibanmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta suke yawan tsallakewa, wato yadda ake umartar na'ura ta zana siffa da kanta.

Hanya biyu ce ake fito da hoto a fuskar kwamfuta. Ta farko ita ce tara ɗige-ɗige masu launi, irin hoton da waya ke ɗauka, wanda da zarar an faɗaɗa shi sai ya dushe. A ta biyu kuwa umarni ake ajiyewa: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa, rufe, cika da kore. Duk girman da aka nema, na'urar za ta sake lissafi ta zana sabo fil.

Ɗauki Qt, ɗaya daga kayan aikin gina manhajojin kwamfutar tebur. A cikinsa akwai QPainterPath, inda moveTo ke ɗora alƙalami, lineTo ke jan miƙaƙƙen layi, cubicTo kuma ke lanƙwasawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi burge ni. Ɗigo huɗu kacal yake aiki da su: mafari, maƙura, da wasu biyu da ke janyo layin kamar maganaɗisu ba tare da lalle ya bi ta kansu ba. Dabarar daga masana'antar motoci ta Faransa ta fito. Paul de Casteljau ya gano ta a Citroën a 1959, amma kamfanin ya riƙe ta a asirce, sai Pierre Bézier na Renault ya bayyana tasa, sunan ya bi shi. Da irin wannan lanƙwasa ake zana ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da mai karatu ke gani yanzu.

Sai dai akwai tarko. A nan sifili yana kusurwar sama ta hagu, adadi kuma ƙaruwa yake idan ana gangarawa ƙasa, akasin abin da aka koya a sakandare. Wanda bai lura ba, alwatikarsa a kife za ta fito.

Takaicina shi ne yadda ake karɓar aikin kammala karatu cike da hotunan da aka kwaso daga intanet, waɗanda ke dagulewa da an buɗe su a babban allo. Da ni ne malami, zan ce kowane ɗalibi ya zana Dagin Arewa da umarni zalla, sa'annan in ninka girmansa sau goma a gabansa kafin in ba da maki.