Jirgin Cikin Gari: Cika Alƙawari Ya Fi Gudu

Tun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta sake tado da maganar jirgin ƙasa na cikin gari daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha a shekarar 2025, duk majalisar da na zauna a nan Gyallesu tambaya ɗaya nake ji: minti nawa zai yi? A nawa ganin, tambayar da ta fi cancanta ita ce: in an ce ƙarfe bakwai, zai zo ƙarfe bakwai?

Malamin da ke barin Tudun Wada da sassafe zuwa Samaru bai damu da gudun mota ba kamar yadda ya damu da sanin lokacin isarsa. Jirgin da ya rage wa ma'aikaci minti goma a hanya, amma ya shanya shi minti arba'in a tasha, ya cuce shi. Idan ya makara sau biyu, zai koma wa ɗan acaɓa, ba kuma zai dawo ba.

Abuja ta ishe mu misali. An ƙaddamar da jirginta na cikin gari a Yulin 2018, aka dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai sake jigila ba sai Mayun 2024. Shekara huɗu ke nan layi na kwance. A Addis Ababa ma, jirgin da aka buɗe a 2015 ya wayi gari da taragu masu yawa a ajiye saboda rashin kayan gyara. Ba gudu ne ya gaza a waɗannan birane ba, kulawa ce ta yi ƙaranci.

Mu Zazzagawa ba baƙin jirgi ba ne. Ta nan layin Baro zuwa Kano ya ratsa kafin ya isa Kano a 1911, daga nan kuma ƙaramin jirgin Jos ya riƙa tashi har aka rufe shi a 1957. A hankali suke tafiya, amma da su aka yi fataucin gyaɗa da auduga da kuza.

Ban ce gudu ba shi da amfani ba. Jirgin da Keke Napep zai riga isa ba shi da kasuwa. Sai dai sauri ya haifi nawa. Don haka ina kira ga hukuma da ta tanadi wutar lantarki ta musamman, da taragun ko-ta-kwana, da kuɗin gyara a kasafin kowace shekara. Ta kuma horar da injiniyoyinmu a Cibiyar Fasahar Sufuri da ke Zariya, sannan ta riƙa bayyana wa jama'a sau nawa jirgi ya makara duk wata.

Talaka zai yafe wa jirgi jinkirin tafiya, amma ba zai yafe masa saɓa alƙawari ba. Allah Ya sa masu iko su ji.