Bashin Karatun Jinya a Amurka: A Yi Lissafi Kafin a Sa Hannu

A makon jiya ne wasiƙar wani ɗan'uwa, ma'aikacin gwamnati, ta iso gare ni, yana cewa 'yarsa da ke aure a jihar Tekzas ta Amurka tana son shiga kwas na shekara ɗaya na aikin jinya, kuma makarantar ta ce kada kuɗi su dame ta, akwai bashi. Yana tambaya ko ya sa mata albarka.

Game da aikin kansa babu abin faɗi sai alheri. Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita, tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda aka raunata, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak. Maganarmu kan bashin take.

Wannan kwas shi ne matakin da ke ƙasa da cikakkiyar nas. Mai shi yakan yi wajen wata goma sha biyu, sa'an nan ya zauna jarrabawar neman lasin, in ya ci ya yi aiki a ƙarƙashin likita ko babbar nas, galibi a gidajen kula da tsofaffi. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ya ce a watan Mayu na 2023 matsakaicin albashinsu dala 59,730 ne a shekara. Mai karatu da ya juya wannan zuwa naira zai ce ai an gama magana. To, a yi hattara, ba a cire haraji ba, ba a cire kuɗin haya ba, kuma matsakaici ma'anarsa rabin masu aikin ƙasa da haka suke samu, sabon shiga kuwa cikin wannan rabin yakan fara.

Su Amurkawa sun daɗe da ganin ɓarnar abin. A cikin 2014 gwamnatinsu ta kafa ma'auni cewa abin da ɗalibi zai riƙa biya na bashi a shekara kada ya wuce kashi 8 cikin 100 na abin da yake samu, makarantar da ɗalibanta suka yi ta kasa cika wannan kuwa a yanke mata kuɗin gwamnati. An soke dokar a 2019, aka maido da ita a 2023. Dalilin kafa ta shi ne makarantun 'yan kasuwa masu tsawwala kuɗi. Ɗaya daga cikin manyansu, Corinthian, ta rushe a 2015, har a 2022 gwamnati ta yafe wa ɗalibanta 560,000 bashin dala biliyan 5.8, bayan sun shekara bakwai da shi a wuya.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. A ƙaddara yarinyar ta ci bashin dala 20,000 a kan ruwan da gwamnati ta ɗora a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, watau kashi 6.53 cikin 100, za ta biya cikin shekara goma. Kowane wata za ta ba da wajen dala 227, ƙarshenta ta biya sama da 27,000. A ma'auninsu wannan ya wuce lami lafiya, domin bai kai kashi 5 cikin 100 na wancan albashi ba. Amma dala 7,000 ɗin da suka hau kai, mene ne sunansu? 'Yan kasuwarmu sun san kalmar riba fuska biyu gare ta a Hausa: akwai ta ciniki wadda Allah Ya halatta, akwai ta bashi wadda Ya haramta, a Larabci kuwa kalmomi biyu ne dabam. Wannan ta biyun ce, ko da gwamnati ce mai karɓa. Balle ma gwamnati ba ta ba ɗan shekarar farko fiye da dala 9,500, sauran sai a nufi banki, inda ruwan yakan fi haka.

Akwai kuma wanda lissafin albashi ba ya gani, shi ne wanda ya fara bai gama ba, ko ya gama ya faɗi jarrabawar lasin. Mace mai aure tana iya samun juna biyu a tsakiyar kwas. Satifiket babu, bashi na nan, kuma a dokar ƙasar bashin karatu yana da wuyar faɗuwa ko da kotu ta tabbatar mutum ya karye. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata ga barin yi wa wani mamaci salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauke masa.

Na san akwai malamai a ƙasashen Turai da Amurka da suka sassauta saboda lalura, ban kuwa raina iliminsu ba. Amma lalura sai in hanya ta toshe, nan kuwa ba ta toshe ba. Kwalejojin gwamnati na gundumomi suna koyar da wannan kwas ɗin da kuɗi kaɗan ƙwarai bisa na 'yan kasuwa, lasin kuma iri ɗaya ne, sai dai a jira layi. Akwai tallafin gwamnati ga mai ƙaramin ƙarfi da ke da iznin zama na dindindin, wanda ya kai dala 7,395 a 2024, ba a biyansa. Wasu gidajen tsofaffi ma sukan biya wa ma'aikatansu kuɗin karatun.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ce wa 'yarka ta tambayi makarantar a rubuce: nawa ne kuɗin gaba ɗaya, cikin ɗari nawa suke gamawa, nawa suke cin jarrabawar lasin. Ta kuma nemi gurbi a kwalejin gwamnati ko da za ta jira shekara. In ya rage saura kaɗan, kai da mijinta da dangi ku haɗa mata rance marar ruwa, ku rubuta shi da shaidu yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta tsara, da adadi da wa'adi, ko da tsakanin uba da 'ya ne. Wassalamu.